Zinariya Mai Fuska Biyu

Masu tara tsoffin sulallan zinariya a Roma, gara ka yanke musu yatsa da ka karce fuskar gunkin da ke jikin sulalla. Ottavio na cikinsu, sai dai shagonsa tagulla ce kawai.

Ranar da ya nufi wani boka, Tiburzio, neman arziki, ya tafi da 'yarsa Ginevra, don ta yi jami'a tana gane jabu. Suka sauka wani tsohon kabari a ƙarƙashin gonar inabi. Ƙoƙunan kai jere a bango, kan rago yana ɗigar jini a bisa dutse. Boka ya tsoma hannu a jinin, ya zaro zinariya mai hoton gunki mai fuska biyu.

"Ta gaske ce?" in ji Ottavio.

"Ta gaske ce, Baba. Ajiye masa abinsa mu tafi."

"Ji 'yar boko," in ji boka. "Fuska ɗaya na kallon kasuwa, ita ke kawowa. Ɗayar na kallon gida."

"Me take yi a gidan?"

"Ci. Ran da ka gaji, ka kankare ta da ƙarfe, magana ta ƙare."

Ottavio ya yi dariya. "In kankare? Ita kaɗai ce fa a duniya."

Ya tafi da zinariyar shagonsa, arziki ya shigo kamar ambaliya. Attajirai suka riƙa layi a shagon. Sai ɗansa Fulvio ya faɗo daga bene, rabin fuskarsa ya dagargaje, ya mutu. Uwar gidan ta haukace, ta yage kumatunta da farce har jini ya ƙare mata.

Ginevra ba ta yi kuka ba. Daga maƙabarta ta wuce shago, ta ɗauki guduma, ta ɗora zinariyar a kan teburi.

"'Yata, kada ki taɓa ta. Ko tabo babu a jikinta."

"Mama fa, Baba? Ka ga fuskarta?"

Ya sare ta da wuƙar buɗe kwali, yatsunta uku suka faɗi ƙasa. Da hannun hagu ta sauke gudumar, ta sake saukewa, har gunkin ya baje.

Shagon ya mutu a shekarar. Ottavio yana nan bakin kogi yana lasar murafun kwalba, yana neman fuska a jikinsu. Ginevra ke kai masa burodi kullum, kanta a sama, ba ta ɓoye dungun hannunta.

Duk wanda ya fifita ƙarfe a kan jininsa, ya sani shi zai haƙa kaburburan gidansa.