Likitar da Ke Zama a Ƙasa

Na buɗe ƙofa da fayil a hannuna zan kira mai bi, sai idona ya sauka kan masu jira.

Umma ce zaune a benci! Mahaifiyar Injiniya, mutumin da zan aura. Matar da ta rantse ɗanta ba zai kawo mata likitar mahaukata gida ba. A gefenta ga Auta, ƙanwarsa 'yar shekara goma sha uku, ta rame har agogonta yana zamewa daga hannu.

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina! Mun riga mun haɗa ido.

Shekarata ta biyu ke nan ina karɓar horon ƙwarewa a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. A sashenmu ba ma sa farar riga, don tana firgita yara. A ƙasa muke zama da su kan darduma, ga fensiran launi ga 'yan tsana, malamarmu tana kallo ta bayan gilashi, in mun gama ta tsefe mana kurakuranmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan Umma ta ji ta ja tsaki, wai duk uban karatun nan a ƙare da wasan 'yar tsana. Maganar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na rusuna na gaishe ta, na wuce ofishin malamarmu.

"Malama, ba zan iya ganin yarinyar nan ba. Ƙanwar wanda zan aura ce."

"Kin yi daidai, ni zan karɓe ta. Ɗaya ƙa'idar fa, ta riƙe sirri?"

"Ban gan su ba."

"Ko shi ne ya tambaye ki?"

"Ko shi ne."

Da suka fito, Umma ta tare ni a wurin ajiye motoci, idonta jawur.

"Tun rasuwar babanta ta daina magana, abinci ma sai an yi da gaske. A gida na ce awon hawan jini na zo. In dangi suka ji inda na kawo ta, sun laƙaba mata suna ke nan har abada..."

"Ba wanda zai ji daga bakina, Umma."

"Kya faɗa mana! Ai kin samu abin ramawa."

Ta fashe da kuka. Ashe 'yar ƙanwarta da ta zo ɗaukar su tana cikin mota tana kallonmu, wadda ta daɗe tana ɗinka kayan auren Injiniya a zuciyarta. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗauke mu hoto.

Da la'asar Injiniya ya zo gidanmu, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya, ga hoton da ta tura masa.

"Likitata, me kika faɗa wa Umma har ta yi kuka?"

"Ka tambaye ta."

"Na tambaya, ta ce ba komai. Ke nake tambaya!"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni? Ni ne ba za ki iya faɗa wa ba?"

"Ka yarda da ni kawai, abin ƙaunata..."

"In yarda da me? Hawayen uwata ne fa wannan!"

Magana ɗaya tak za ta wanke ni, tana nan a kan harshena. Sai na tuna siririn hannun Auta, na ja bakina na rufe. Ya juya ya fita, bai ko waiwayo ba.

Sati shida ba kira, ba saƙo. Na yi kuka har na gode Allah. Duk ranar Talata da ake kawo Auta sai in koma ɗakin marasa lafiya don kada mu haɗu, fayil ɗinta kuwa ko taɓawa ban yi ba. Da safe in wanke fuska in zauna a ƙasa da 'ya'yan mutane, in yi shiru in jira su yi magana, kamar yadda aka koya min.

Wata Talata bayan an tashi daga aiki, ina tattara fensira, aka turo ƙofa.

"Anti... ina wuni?"

Muryar ƙarama ce, a dishe. Auta! Fensiran suka zube daga hannuna. Umma na bayanta, can bakin ƙofa kuma Injiniya, kansa a sunkuye.

"Sati shida ina jiran maganar nan ta dawo min ta bakin dangi," in ji Umma. "Ko tari ban ji ba. Ke kika rasa miji, ni ina zaune ina kallo. Jiya da yarinyar nan ta ce min 'Umma, yunwa nake ji', kunya ta hana ni sakat. Na kira shi na faɗa masa komai."

Ta cire takalmi. Ta dafa bango, ta sauka a hankali har ta zauna kan darduma, gwiwarta tana ƙara.

"Malamarku ta ce in koyi zama da ita a ƙasa. Zo ki koya min, 'yata, kafin biki ya ɗauke miki hankali."

Biki! Hawaye suka ɓalle min.

"Likitata..." in ji Injiniya. "Hasken idona, na cuce ki. Ki yafe min."

Na share ido, na harare shi.

"Malam, ka bi layi. Akwai mutum biyu a gabanka."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. Shi kuwa ya cire takalminsa, ya naɗe ƙafa a ƙarshen darduma, ya zauna yana jira.