Ɗan Ƙarfen Bakin Metir

"Na ce ba zan ba shi ba! Ko shi kaɗai ya rage namiji a Libreville!"

Ni ne mai wannan ihun. Maitama kafinta, shekara hamsin da shida a duniya, talatin daga ciki a unguwar Sotega. Ina tsaye a tsakar gida, garin katako har a girata. Matata Kaltoumi tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wai me yaron nan ya yi maka?"

"Kin sani!"

"Na sani mana. So nake ka faɗa da bakinka, ka ji yadda abin yake a kunne."

Ban faɗa ba. Na juya wajen 'yata Nafissatou, tana tsaye bakin ƙofar ɗaki ta rungume wayarta a ƙirji. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa tunda aka haife ta ban taɓa kama sunanta ba. Uwata nake ce mata.

"Baba..." in ji ta. "Wallahi Yacouba bai yi don raini ba..."

"Uwata, kar na ƙara jin sunan nan a gidana!"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "To, Baba." Ta shige ɗaki.

Bari in faɗi laifin yaron, tunda yanzu bakina ya iya faɗa.

Yacouba ɗan wani ɗan kasuwa ne mutumin Garoua, a nan Gabon aka haife shi kamar Uwata. Ya yi lise, wato sakandare, ta koyon sana'a, yana haɗa tagogin alminiyom da gilashi a unguwar Glass. Yaro mai sallah, mai durƙusawa in zai gaishe ka. Har na fara ce wa Kaltoumi ta soma tanadin kwanuka.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya zo gaishe ni a shago. Majalisa ta cika, ana ta shayi, abokina Issa direban taksi na zaune a kan bencinsa na kullum. Ni kuwa na sayo sabon metir, tef ɗin awon nan mai naɗewa. Duk wanda ya taɓa riƙe metir ya san ɗan ƙarfen da ke bakinsa, wanda ake maƙalawa a jikin katako. Ko sabo ne fil, za ka same shi yana ɗan motsi. To ni shekara talatin, duk metir ɗin da na saya sai na ɗora shi a kan ƙarfe na doddoke ƙusoshin bakin da guduma har ya daina rawa. Ina yi ina zagin masu ƙera shi da ha'inci.

Na ɗaga guduma ke nan, yaron ya yi zumbur.

"Baba, tsaya! Kar ka buga! Ai da gangan aka yi shi haka!"

Na tsayar da gudumar a sama.

"Da gangan?"

"E, Baba. In ka maƙala shi a waje sai ya ja baya, in ka tokare shi a ciki sai ya matsa, daidai kaurin ƙarfen. In ka ɗaure shi, awonka zai riƙa gazawa da milimita ɗaya..."

Issa ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Maitama! Ashe shekara talatin kabad ɗin mutane gajeru kake yi musu!"

Na dubi yaron, na dubi majalisa, na sauke gudumar a kan metir ɗin da ƙarfin da ban taɓa sauke ta ba. Na ce masa ya gaishe da mutanen gida.

Shi ke nan laifin. Na san yadda yake a kunne.

Amma sai an san ni za a gane. Ni mutum ne da bai taɓa rashin sanin komai ba. Uwata kuwa tun da ta mallaki waya ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum in ta kawo min abincin rana a shago, sai ta zauna a kan tarin katakon okume ta ce:

"Baba, ka san cewa...?"

Wai ramin da ke hannun tukunya ana iya soka ludayi a ciki. Wai hujin murfin biro don yaro in ya haɗiye ya samu numfashi ne. Wai ɗan aljihun wandon jins na agogo ne. Wai 'yar kibiyar da ke gefen hoton famfon mai a gaban direba tana nuna ɓangaren da tankin mota yake.

Ni kuma amsata ɗaya ce, ina tauna ina kallon titi:

"Na sani tun ba a haife ki ba."

Sai ta yi dariya ta ce, "Babana ya fi Google!" Ni kuwa da yamma sai in kai wa majalisa labarin a matsayin nawa. Maganar kibiyar nan ma, ranar da na faɗa wa Issa, sai da ya tashi ya leƙa taksinsa ya dawo yana salati. Shekara ashirin yana tuƙi a bakin teku bai taɓa lura ba. Na ce masa ilimi ba a titi ake tsinta ba. Ban gaya masa rannan da rana ni ma na fara ji ba.

Bayan rigimar, Uwata ba ta yi min tawaye ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Tana kawo abinci a kan lokaci, ta durƙusa, ta ce "Sannu da aiki, Baba," ta tafi. Ba zama a kan okume. Ba "ka san cewa". Sati uku ina cin tuwo kamar ina tauna garin katako. Ta rame, idanunta suka faɗa. A majalisa kuma labaraina suka ƙare ƙaf, har Issa ya tambaye ni ko ilimin ya tafi hutu ne.

Ranar Laraba da hantsi na koma gida ɗauko zarto. Zan shiga ke nan na ji murya a bayan katangar langa-langa, wajen bishiyar mangwaro. Ni ba mai laɓe ba ne. Takalmina ne kawai ya tsinke a daidai wurin, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya gyaru.

"Nafi, rabin raina, dube ni mana..."

"Bai kamata ka zo ba, Yacouba."

"Sati uku! Ko saƙo ba kya amsawa. Jiya na yanka gilashi biyu ba daidai ba, ni da ban taɓa ba!"

"Baba ya ce kar a ƙara jin sunanka..."

"A gidansa ya ce. Nan ai waje ne."

Ta yi 'yar dariya da ta koma kuka.

"Ina sonka, mon cœur, zuciyata, Allah ya sani. Amma mutumin nan da guduma da zarto ya kai ni har jami'a. Yatsansa ɗaya ba ya lanƙwasuwa saboda ni. In ya ce a'a har ƙarshe, ba zan tsallake maganarsa ba. Kuma ba zan auri wani ba. Zan zauna haka."

"Ba za ki zauna haka ba. Ranar Asabar zan je majalisarsu. Zan ce ni na yi kuskure, malaminmu ne ya koya mana ba daidai ba. Zan ɗauki metir ɗina in doke shi a gabansu."

"Amma ai ba ka yi kuskure ba! Na duba, gaskiyarka ce!"

"Na sani."

"To ƙarya za ka yi?"

"Nafi... milimita ɗaya ce. Ke kuma rayuwata ce gaba ɗaya. A gaban abokansa na kunyata shi, a gabansu zan mayar masa da girmansa."

Na bar zarton. Na lallaɓa na koma da takalmi a hannu.

Ban nufi shago ba. Na tari taksi har unguwar Plaine Orety, inda ba mai sanina, na shiga wani kantin kayan gini na sayi metir kamar mai sayen abin kunya. Na dawo na tura ƙofar shago, ni da ban taɓa rufe ta da rana ba.

Akwai abin da ban faɗa ba. A kan teburina akwai wani gwangwanin madara cike da sili-silin katako, sirara kamar farce. Duk allon da na yanka don cikin kabad, in na zo sa shi sai in tarar ya ɗan gaza. Sai in soka sili ɗaya a gefe, in shafa gam, ba mai gani. Shekara talatin ina ɗora wa iskar Libreville laifi, wai ita ke sa katako ya tsuke. A garin da ruwan sama ke kumbura ƙofa har ta ƙi rufuwa! Har suna na sa wa abin, sirrin Maitama.

Na tokare sabon metir a cikin wani kabad, ɗan ƙarfen ya matsa. Na maƙala shi a jikin allo, ya ja baya. Na zana, na yanka, na ɗauka na sa.

Ya zauna daram. Ko takarda ba za ta shiga gefen ba.

Na ce sa'a ce. Na yanka na biyu. Na yanka na uku. Na zauna a ƙasa ina kallon gwangwanin madara, shi ma kamar yana kallona.

Asabar ta zo. Majalisa ta fi kullum cika, don Issa ya ji Yacouba zai zo, shi kuwa ba ya iya riƙe labari ko da ba nasa ba ne. Sai ga Yacouba cikin farar shadda, ya durƙusa har gwiwarsa na taɓa garin katako. Can nesa na hango mayafin Uwata a bayan ƙyauren gidan maƙwabta.

"Baba, na zo neman gafara. Maganar da na yi rannan, ni ne ban fahimta ba. Kai ne da gaskiya."

Ya ciro metir ɗinsa daga aljihu, wanda yake cin abinci da shi. Ya ɗora a kan ƙarfe, ya ɗauki gudumata.

Gaskiya zan faɗa, zuciyata ta ce min in bar shi. Bugu biyu, shi ke nan, Maitama ya koma Maitama, Issa ya haɗiye dariyarsa. Ba wanda ya san da metir ɗin Plaine Orety sai ni da Allah.

Ya ɗaga hannu. Na riƙe shi.

"Ajiye."

"Baba..."

"Na ce ajiye! Kar ka lalata kayan aiki mai kyau."

Na ɗauko gwangwanin madarar na juye shi a tsakiyar majalisa. Sili-silin suka watse har ƙarƙashin bencin Issa.

"Jama'a, kun ga wannan? Shekara talatin ke nan na jahilcina. Yaron nan gaskiya ya faɗa. Na gwada sau uku, ina neman ya ƙaryata, ya ƙi."

Issa ya buɗe baki. Na nuna shi da yatsan nan da ba ya lanƙwasuwa.

"Kai kuma mai kibiya, yi shiru! Ni aƙalla nawa a ɓoye yake. Kai naka shekara ashirin yana gaban hancinka!"

Majalisa ta kece da dariya, har Issa. Yacouba ne kawai bai yi ba, idanunsa sun kawo ruwa.

Na ce, "Tashi, ɗana. Ka san gaskiya, ka yarda a kira ka jahili a gaban mutane don Uwata ta daina kuka. Ni ubanta sati uku na kasa yin haka. Ka ce wa mahaifinka ya turo manya."

Wani ihu ya tashi daga bayan ƙyaure. Ta manta da kunya, ta manta da majalisa, ta taho da gudu ta faɗi a ƙafafuna.

"Babana! Babana...!"

Garin katako ya shiga min ido. Ya daɗe bai fita ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mutanen Garoua suka zo, 'yan Kano da Damagaram na Libreville suka cika layinmu har taksi ba ya wucewa. Ni na yi wa amarya gado da kabad mai ƙofa huɗu da zaɓaɓɓen okume. Duk matar da ta shiga ganin ɗaki sai na aika a ce ta buɗe kabad ɗin ta duba ciki. Ba sili ko ɗaya. Sili-silin kuwa Kaltoumi ta hura gawayin girkin biki da su, ta ce wannan ne karo na farko da sirrin Maitama ya amfani wani.

Ranar da za a kai ta, da yamma, aka kawo min ita ta yi sallama. Ta durƙusa cikin lulluɓi, lalle har gwiwar hannu, tana sheshsheƙa. Na shirya nasiha mai tsawo, har da ayoyi. Duk ta gudu.

Ta ɗago, ta share ido da gefen mayafi, ta yi ɗan murmushin nan nata na kan tarin okume.

"Baba... ka san cewa...?"

Tsohuwar amsar ta taho har bakin leɓena. Na dubi surukina a bakin ƙofa, na dubi Kaltoumi da ta zuba min ido. Na gyara hula, na gyara zama.

"Ban sani ba, Uwata. Zauna ki faɗa min."