Sallamar da Ta Toshe Ƙofar Kaltume

La'asar sakaliya Kaltume ta iso gidanta a Fagam, jiki duk a mace. Ɗanta Munzali na kwance a asibitin Birnin Kudu tun da mota ta buge shi a kan babur. Ta dawo ne kawai ta ɗebi kayan jinya, ta kuma duba 'yarta Basma da ta bari ita kaɗai. An auna jininta ya dace da nasa, don haka wanta Sada, da ya zauna wurin yaron, ya ja mata kunne kada ta kuskura ta kashe waya. In likita ya nemi jini, kira ɗaya zai yi ta taso.

Tana ɗaure kayan wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, aka yi sallama, ta amsa, aka kashe. Kafin ta ajiye wani kiran ya shigo, wani na bin wani. Lambobin duk na maƙwabta ne, har da ta ungozoma Hapsatu, wadda ta zo ta rantse wayarta na ƙasan jaka ba ta taɓa ta ba. Can sai sallamar ta koma bakin zaure, ta bayan katanga, ta cikin rumbu, da muryoyin mutanen da Kaltume ta sani. Ita kuwa an raine ta a kan ba a barin sallama ta faɗi ƙasa. Haka ta yi ta amsawa har muryarta ta dushe, tana kuka, don ta san ko Sada ya kira ba zai samu shiga ba.

Ana cikin haka Basma ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi.

Hapsatu ce ta ɗauko Malam Dabo mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, muryar wani tsohon aljani ta fito. Aljanin ya ce da can jifa suke yi, dutse ɗaya ɗaya, ana gane mai jifan a kore shi. Yanzu sun waye. Duk wayar da aka ajiye babu addu'a baki ce a wurinsu, kuma ba su da iyaka.

"Me matar nan ta yi muku?" in ji Malam.

"Ba ta yi komai ba. Amsawa take yi. Duk sallamar da ta amsa, goma ke shigowa."

Sharaɗin aljanin shi ne Kaltume ta kashe wayar, kada ta amsa sallamar kowa har wayewar gari, in ba haka ba da yarinyar zai tafi. Malam ya ja, aljanin ya ja, aka tsaya daga magariba zuwa isha'i. Kaltume ta dubi 'yarta, kumfa na fita ta bakinta. Wallahi ba na yi wa maƙiyina fatan irin wannan zaɓin. Ta danne wayar ta kashe ta.

Muryoyin suka riƙa raguwa har gidan ya yi tsit. Sai ga wata sallama a zaure, ta namiji, cikin gaggawa, har da bugun ƙyaure. Bakin Kaltume ya motsa, Malam ya ɗaga mata hannu. Aka sake yi. Aka yi ta uku. Daga nan shiru.

Ana kiran isha'i Basma ta yi atishawa, ta tashi tana neman ruwa. Hapsatu ta leƙa waje ta dawo, fuskarta a sauye. Mai shagon kusurwa ya ce mata ɗan acaɓa ne ya zo. Sada ya gaji da neman Kaltume a waya, ya kira shi ya ɗauko ta maza. Da ya yi sallama uku ba a amsa ba, bai ga dacewar faɗawa gidan mata ba, ya ɗauka ta riga ta kama hanya, ya juya.

Kaltume ta fita da gudu ba takalmi, tana kunna wayar. Ba ta kai bakin titi ba kiran ya shigo, guda ɗaya tak. Sada ne. Ya yi sallama, ta amsa da ragowar muryarta.

"Kaltume," ya ce, "sai haƙuri."