Sunan da Babu a Kan Kwali

Kin ci, kada ma ki musa. Ranar Sallah an miƙo miki yankan kek mai hawa-hawa a faranti, kika yaba kalarsa, kika ce wa matar gida Allah ya yi wa hannunta albarka. Kin ga yarinyar da ta kawo farantin, kin ga tabon ƙuna jere a hannunta, sai kika mayar da idonki kan shayinki. To yau ki zauna ki ji sunanta.

Rohaya.

"Ban gane ba, Hajiya..." Rohaya ta faɗa tana tsaye a ƙofar kicin, da sabon kayan Sallah a jikinta.

"Mene ne abin rashin ganewa? Kek ɗaya za ki yi min, hawa ashirin da ɗaya, wanda ba a taɓa ganin irinsa a gidan nan ba. Gobe da la'asar Dayang Marlina, yarinyar da na zaɓa wa ɗana, za ta kai wa Nek."

"A matsayin na wa?"

"Nata mana! Da naki?"

Kwana biyu ke nan da Sallah, duk birnin Kuching na ƙasar Malesiya ana yawon gaishe-gaishe, amma Hajiya Salbiah ta aika an tsallako da Rohaya daga ƙetaren kogi. Shekara bakwai tana aiki a bayan shagon kek na Hajiya, ita da wasu mata huɗu. Su ke fasa ƙwai, su ke tsayuwa gaban tanderu, kwali kuma ya fita da sunan Hajiya da ruwan zinare.

Duk wannan Rohaya ta haɗiye shi. Na yau ne ya tsaya mata a wuya.

Nek Sa'odah, wato Kaka Sa'odah, uwar mijin Hajiya, ita ta kafa shagon tun tana gashi da gawayi, kuma ta kafa doka: duk macen da za ta shigo gidan da aure sai ta kawo kek na hannunta, Nek ta yanka ta ɗanɗana. Jika ɗaya ya rage mata bai yi aure ba, Zulkarnain, ɗan autan Hajiya.

Hajiya kuwa ta san abin da ke tsakanin ɗanta da Rohaya. Ta sani sarai!

Ƙamshin turare ya riga Marlina shigowa. Ta tattare bakin rigarta kada gari ya taɓa, ta ciro waya.

"Ke ce mai aikin ko? Faɗa min abin da ake zubawa in rubuta, kada tsohuwar ta titsiye ni."

"Bota, gwaiduwar ƙwai talatin, madarar gwangwani, fulawa kaɗan, cakulan..."

"Talatin? Wai! Shi ya sa kuke ƙarni." Ta yi dariya ta dubi hannun Rohaya. "Ki riƙa shafa wani abu mana, 'yar uwa. Wane namiji zai riƙe wannan?"

Suka fice tare da Hajiya suna zancen launin kayan biki.

Rohaya ta naɗe hannun sabuwar rigarta, ta kunna tanderu.

Ludayi ɗaya na kwaɓi, ta baza shi siriri a gwangwani, ta tura. Minti biyar, ta jawo, ta danne da madanni, ta shafa bota, ta zuba wani. Wannan kek ba a barinsa a je shan iska. Ka juya baya sau ɗaya, hawa ɗaya ya ƙone, aikin yini ya tafi.

Tana hawa na shida ta ji takun Zulkarnain.

"Haya..."

Ba ta waiwayo ba.

"Hasken idona, ki dube ni mana."

"Idan na dube ka kek ɗin amaryarka zai ƙone."

"Wallahi ban amince da komai ba! Ziyara ce kawai, Mak mahaifiyata ce ta shirya abinta. Ki yi haƙuri Sallah ta wuce, zan zaunar da ita in yi mata magana."

"Sallah uku ke nan tana wucewa, Abang Zul." Haka take kiransa, wato Yaya Zul.

Ya kawar da kai. Ƙofar tanderu ta lashe ta a wuyan hannu, ta yi tsaki ta ci gaba.

A kicin ɗin nan abin ya fara. Gefen kek da ake datsewa shi ne rabon ma'aikata, shi kuma da ya dawo daga karatu ya mayar da kwanon gefen nan wurin hirarsa. Wata rana ta gasa masa ɗan ƙarami da gula apong, baƙin sukarin da mahaifinta ke dafawa daga ruwan itatuwan bakin kogi. Ya ci ya lumshe ido, ya ce shi kam ya gama neman mata. Da Hajiya ta ga kwalbar sai ta ce a fitar mata da sukarin talakawa daga shago, masu sayen kayanta ba 'yan cikin taɓo ba ne.

"Ka san hannuna," Rohaya ta ce. "Ko a duhu aka ba ka ka san nawa. Gobe za a yanka aikina a kira shi da sunan wata, kana zaune a wurin."

"Idan na yi magana gaban baƙi na tozarta Mak..."

"Ni kuma fa? Ni ba a tozarta ni, ko? Dama can a bayan gida nake."

"Haya, don Allah..."

"Fita, kana tare min iska!"

Ya fita, kansa a ƙasa.

Hawa na goma ya fito. Ta ɗauko kwaɓin cakulan na hawan tsakiya, ta tsaya tana kallonsa. Ta ajiye. Ta buɗe jakarta ta ciro kwalbar gula apong da mahaifinta ya ba ta tsarabar Sallah don ta kai wa wata gwaggonta. Ta narka cokali uku, ta gauraya da farin kwaɓi har ya yi duhu.

A ido, kamar cakulan.

Shekara bakwai ba ta taɓa saɓa wa Hajiya ba ko a kan ƙwayar gishiri. Ta tura gwangwanin cikin tanderu.

Washegari da la'asar falon Nek ya cika da gwaggonni da kawunnai. Hajiya ta sa Rohaya zuba shayi, wai ma'aikata sun tafi hutu. Marlina ta durƙusa gaban tsohuwar ta miƙa faranti da hannu biyu, tana sunne kai.

"Ga ɗan abin da na iya, Nek. A yi haƙuri da shi."

Nek ta gyara tabarau ta sa wuƙa. Da yankan farko ya kwanta falon ya ɗauki salati. Kore, fari, ruwan ɗorawa, kowane hawa siriri kamar an ja shi da zare, ga baƙin layi ɗaya ya ratsa tsakiya.

"Masha Allah! Hajiya kin yi dacen suruka!"

"Ai tun asuba take tsaye," Hajiya ta ce tana murmushi.

Gwaggonnin nan duk sun san kicin ɗin shago. Duk sun san hannun wa ke fitar da hawa siriri haka. Kowacce ta yaba, kowacce ta kauce wa idon mai zuba shayi.

Nek ta kai loma baki. Ta tauna a hankali, ta daina taunawa.

"'Yan mata, me kika sa a tsakiya?"

"Cakulan ne, Nek." Marlina ta amsa da sauri. "Mai tsada, daga waje aka kawo min."

"Daga waje?"

"Eh, Nek."

Tsohuwar ta yi dariya har tabarau ya zame.

"Lallai daga waje. Wajen gari, cikin taɓo! Yarinya, wannan gula apong ne, ga ɗan gishirin ruwan kogi nan a bayan harshe. Ubana shi ya dafa har ya mutu, da shi na yi kek ɗina na farko. Shekara nawa ina cewa a samo min, ana ce min an daina yayinsa." Ta ajiye wuƙar. "Wa ya yi kek ɗin nan?"



Cokula suka shiga juya shayin da an riga an juya. Rohaya ta dubi Zul. Shi ma ya ci, ta ga ya gane tun lomar farko. Bakinsa ya buɗe, ya dubi mahaifiyarsa, ya rufe.

 Rohaya ta dire butar shayi a kan tebur har kofuna suka yi ƙara.

"Ni na yi, Nek."

"Ƙarya take!" Hajiya ta miƙe. "Hassada ce! Yarinyar da na tsamo daga bakin kogi, na ba ta sana'a, yau ita za ta kunyata ni gaban baƙi? Fice min daga gida!"

"Zan fita, Hajiya. Amma ni na yi shi. Wanda aka kai wa surukan ɗanki Yaya Halim bara ma ni na yi. Wanda ya ci gasa aka ɗauke ki hoto da shi, ni da abokiyar aikina Kak Timah muka yi, tana tsaye da cikin wata takwas."

Ta juya ta nufi ƙofa.

"Mak, ba ƙarya take ba."

Muryar Zul ce, kowa kuma ya ji.

"Jiya na same ta tana hawa na shida. Na ga tanderu ya ƙona ta, na fita na bar ta. Shekara uku na san wa ke ciyar da gidan nan, ina cin gefen kek ɗinta ina yi mata alkawari, in na zo gabanki in haɗiye." Ya durƙusa gaban kakarsa. "Ita nake so, Nek. Tuntuni ya kamata in faɗa."

"Ai ka makara, sarkin jarumai," Nek ta ce. "Ta riga ka."

Marlina ta ɗauki jakarta, idonta ya cika da hawaye.

"Hajiya ce ta ce min al'ada ce kawai, kowa ma sayowa yake..." Ba ta ƙarasa ba ta fita, iyayenta suka bi bayanta.

Nek ta dubi surukarta.

"Salbiah, naki da kika kawo min shekara talatin da biyar da suka wuce, ƙasansa a ƙone yake. Na karɓa don naki ne. Zauna."

Hajiya ta zauna.

"Ke mai gula apong, zo nan."

Rohaya ta dawo ta durƙusa. Tsohuwar ta kama hannunta ta shafa tabon ɗaya bayan ɗaya, sannan ta janye hannun rigarta ta nuna nata, tsofaffi, sun yi fari.

"Kina son wannan matsoracin?"

Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo.

"Ina son sa, Nek... shi ne ma abin haushin!"

Wata gwaggo ta tuntsire da dariya, ta toshe baki.

"To kek ya ci jarrabawa. Sai a sa rana."

"A'a, Nek."

 Zul ya ɗago a firgice.

"Haya, me kuma?"

"Idan na shigo gidan nan na koma gaban shago na zauna, an gyara nawa ke nan. Su Kak Timah fa? Gobe wata za ta tsaya yini guda, a buga sunana a kwali da ruwan zinare, in zama Hajiya ta biyu." Ta share fuska da bayan hannu. "Duk kek ɗin da zai fita, a rubuta sunan wadda ta gasa shi. In ba haka ba, Abang Zul, ka ci gaba da cin gefe."

"Shagon sunana gare shi!" Hajiya ta ce.

"Kafin naki nawa ne," in ji Nek. "Ban kuma mutu ba."

Zul ya miƙe ya ɗauko kwalin da aka kawo kek ɗin a ciki. Ya ciro alƙalami daga aljihu, gaban mahaifiyarsa, ƙarƙashin rubutun zinaren, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Rohaya, 'yar Bujang mai gula apong. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na makara, hasken idona. Ki bar ni in biya."

Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Shekara bakwai, yau ta fara ganin sunanta a kan abin da ta yi.

"Rubutunka ma a karkace yake," ta ce, tana kuka tana dariya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Mahaifinta ya tsallako da kwale-kwale cike da kwalaben gula apong, Nek ta sa aka zaunar da shi kusa da ita suna hirar bakin kogi. Hajiya ta yi wata biyar ba ta amsa gaisuwar amarya sai da ka. Har yau ba su zama uwa da 'ya ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kwalaye na fita da sunaye: Timah, Jamilah, Noraini, Sapiah. Masu saye sun fara cewa a ba su na hannun wance, matan kuma sun fara ɗaga kai idan ana maganar albashi.

Shago ɗaya ke nan. A layin nan kaɗai akwai goma sha biyu, kowanne da matansa a baya, gaban tanderu, babu mai suna.

Saboda haka Sallah mai zuwa, idan aka miƙo miki yanka, kada ki kai baki tukuna. Ki tambayi matar gida wa ya gasa. In ta yi dariya ta kawar da zancen, ki sake tambaya. Ki tashi ki shiga kicin ɗin, ki nemi mai tabo a hannu, ki tambaye ta sunanta, ki dawo falo ki faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji!