Muryar Khuzaima a Bakin Iyaka

"Ka ce me? Sake faɗa in ji, Hadi!"

"Wallahi ba da son raina ba ne, Khuzaima..."

"A gaban mutum goma sha takwas? Har da Baba a zaune?"

Hadi ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗinsa. Ita kuwa tana tsaye a bakin zaure, ji take kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu duk Gwaram ta ji. Sati uku fa ya rage a ɗaura musu aure. Sati uku kacal!

Ga yadda abin ya faru. Mahaifinta, Malam Sada, shi ne mai aikin wuyan babbar riga da hannu, wanda har daga Fagam da Birnin Kudu ake kawo wa ɗinki. Amininsa ya rasu a Nijar, mutanen unguwa suka cika bas suka tafi ta'aziyya, Hadi ya bi su. A hanyar dawowa aka tare su a wani shinge na bakin iyaka, wani jami'i ya leƙo ya ce kowa ya buɗe wayarsa ya miƙo.

"To ba sai ka ƙi ba? Bakinka ciwo yake yi?"

"Na ƙi mana! Na ce masa, ranka ya daɗe, ga katina ga jakata, amma waya akwai sirrin mutane a ciki. Ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye waya, in ban buɗe ba motar ba za ta gusa ba."

"Sai ka tsorata."

"Sai Baba ya juyo ya ce, kai Hadi buɗe masa mana, me kake ɓoyo? Ke ki gaya min, surukina ya ba ni umarni a gaban dattawa, in ce a'a?"

Khuzaima ta kawar da kai, amma ba don ta huce ba.

Mutumin bai tsaya a hotuna ba. Saƙonni ya shiga, ya ga suna Sanyin Zuciyata, ya yi murmushi ya danna. Sai ga muryarta tar a cikin mota:

"Masoyina, don Allah ka kula min da Baba. Idonsa na hagu ya tafi, na daman ma kafar allura ba ya gani, ni nake zura masa zare kullum da safe kafin ya fito. Ka riƙa tafiya ta hagunsa, kuma kada ka nuna masa ka sani..."

A nan wani ya saki salati, jami'in ya kashe, ya miƙa wa Hadi wayarsa yana cewa Allah ya kiyaye hanya. Bai sami makami ba, bai sami kayan laifi ba. Asirin tsoho ya tona, ya koma inuwa abinsa.

"Me ya hana ka goge shi tun da ka ji?"

"Muryarki ce... ban iya gogewa ba."

"Oho! Ai ga soyayya nan ta yi mana rana. Sai ka je ka yi ta saurara, tunda Baba ya ce a dakata da maganar aure!"

Ta shige gida ta bar shi nan. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, kuma son nasa ko kaɗan bai ragu ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Shekara guda ke nan suna wannan zaman ita da mahaifinta. Tun rasuwar innarta su biyu suka rage a gidan. Da safe ta zura zare a allurai goma, ta jera su a jikin ɗan matashin audugar da yake soke su a ciki, ta koma madafi. Shi kuma ya fito ya ɗauka kamar daga sama suka faɗo. Hannunsa ya san aikin ko ido a rufe, zaren ne kawai ya gagara. Bai taɓa tambaya ba, ba ta taɓa faɗa ba.

Yanzu kuwa kwana huɗu ko gaisuwarta da kyar yake amsawa. Ta zura zaren, ya zo ya zare shi ɗaya bayan ɗaya ya ajiye.

Mutanen gari kuma, Allah ya shirye su! Wanda bai taɓa leƙo zauren ba sai ga shi ya zo "sannu da ido, Malam." Shi kuwa Ɗanbala mai shayi, da ya zauna a kujerar gaban motar ya kwashe komai, har kwaikwayon "masoyina" yake yi wa masu shan shayi. Ranar Laraba wani Alhaji ya aiko a karɓo masa rigarsa da aka yi rabin aiki, wai ya fasa.

Wannan ne ya kai Khuzaima bango. Bayan la'asar ta same shi a zaure yana ta dungurar allura da bakin zare, zaren yana wucewa ta gefe. Ta durƙusa.

"Baba, in na yi laifi ka dake ni. Amma wannan shirun ya ishe ni."

Bai ɗago ba. "Kin ɗauki sirrina kin zuba a cikin ƙarfe."

"Mutum ɗaya na gaya wa, Baba! Wanda kai da kanka ka ce ka ba shi ni. Tsoro na ji kada ka faɗa rami a ƙasar mutane. Ban kai kasuwa ba, ban kai wa Ɗanbala ba."

"Amma ga shi a bakin Ɗanbala."

"Wanda ya kunna shi ya kai! Ya duba jaka, ya duba kati, to me ya kai shi cikin hirar mutum da wadda zai aura? Kuma Hadi ya ƙi fa... ya ƙi, sai da aka ce masa ya buɗe."

Ta kama bakinta, don ta san ta zarce. Hawaye suka zubo mata.

Malam Sada ya ajiye allurar.

"Ni na ce ya buɗe," ya faɗa a hankali. "Yaron ya tsaya yana kare min mutunci, na ɗauka taurin kai ne. Na zaci sai mai laifi yake da abin ɓoyewa... alhali ni shekara guda ina ɓoyo, ban kuwa saci na kowa ba."

"Baba..."

"An kashe saƙon nan naki a tsakiya. Akwai saura?"

"Akwai."

"Wancan da iko ya ji. Ni roƙo nake yi. In kin ga dama ki gaya min, in ba ki ga dama ba, taki ce."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Cewa na yi, ba zan tare a gidansa a Birnin Kudu ba sai an duba idonka a asibiti. In na tafi, wa zai zura maka zare?"

Tsohon ya juya fuska ga bango. Ta ga kafaɗarsa tana rawa, sai ta yi kamar ba ta gani ba, yadda suka saba. Ta jawo matashin ta shiga zura zaren. Wannan karon bai zare ba.

"Ki aika wa yaron nan ya zo da safe," ya ce. "Ranar aure tana nan inda take."

Da hantsi Hadi ya iso, sai sunne kai yake yi. Khuzaima ta harare shi ta bayan ƙyaure, ta ce ƙasa-ƙasa, "Saura ka sake ajiye muryata, abin ƙaunata, ka ga yadda za mu ƙare." Bakinta ne yake faɗa, idonta kuwa dariya yake yi.

Malam Sada ya fito da farar rigarsa, ya ce a ƙafa za su je tasha su hau motar zuwa asibiti, kuma ta gaban teburin Ɗanbala za su bi.

"Hadi."

"Na'am, Baba."

"Wayar nan taka, ko ni na sake cewa ka buɗe, ka fara tambayar mai muryar."

"To, Baba."

Suka ɗan taka, Hadi yana bin damarsa cike da kunya. Tsohon ya tsaya a tsakiyar hanya, mutane na kallo, ya miƙa hannu.

"Kai kuma ina za ka? Dawo hagu, inda aka ce ka tsaya."