Ruwan Zafi a Bakin Rariya

Mushe Sanoussi, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, malamin firamare ne a unguwar Titirou. Tun da aka kawo musu sabon tsarin koyar da kimiyya ya daina cika allo da rubutu. Yara su shuka wake a gwangwani, su narka gishiri a ruwa, su gani da idonsu. Abin ya shiga ransa har ya biyo shi gida.

Wata magariba 'yarsa Ummuhani, 'yar shekara tara, ta tambaye shi dalilin da ya sa ake hana zubar da ruwan zafi a ƙasa bayan faɗuwar rana. Yana gyaran babur, ko kai bai ɗaga ba, ya ce ta gwada ta gani. Ta sauke tukunyar ruwan zafi daga murhu ta sheƙa a bakin rariya, babu bismilla.

Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, sai wani. Daga cikin rariya aka ji kukan jariri, alhali babu mai goyo a gidan. Kafin a kira isha'i Ummuhani ta sandare, idanunta a kafe.

Uwarta Bilkissou ta aika garin Djougou aka ɗauko Alfa Daouda, malamin danginsu. Sanoussi kuwa, mai bakin da ba ya mutuwa a aji, ya koma kamar an ɗinke shi. Tsoro yake ji, amma kunyar ta fi tsoron.

Alfa ya zauna a kanta yana karatu a hankali har muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce an ƙone mata jika a hannu. Alfa ya ba ta haƙuri, ya ce ƙuruciya ce, ya yi alkawarin sadaka, duk ta ƙi.

"In aiko ta aka yi, wanda ya aiko ta ya faɗa, in ɗauki hannunsa," in ji ta. "In babu, na wadda ta zuba zan ɗauka in tafi."

Alfa ya bi mutanen ɗakin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sanoussi ya dubi hannunsa na dama, wanda yake riƙe alli da shi. Allah ya sani ya yi niyyar magana. Yana nan yana kallon hannun yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Ta farka ta nemi ruwa. Bilkissou ta miƙa mata moɗa, hannun yarinyar na dama ya ƙi tashi. Ummuhani ta jima tana kallonsa, sannan ta juyo wajen ubanta ta rage murya.

"Baba, kar ka damu. Ba zan faɗa wa kowa ba."