Tashar da Malam Tanimu Bai Rufe Ba

Allon na'urar ya sake kawo amsarsa cikin ladabi: Tashar famfuna tana hannun wani, a yi haƙuri ya gama.

Injiniya Asabe Maikano ta daki tebur har tafinta ya yi zafi. A ƙarƙashin Sabuwar Funtuwa ruwa na cika ramin jirgin ƙasa, mijinta Sallau kuma yana ciki tare da ma'aikatansa. Umarni ɗaya zai tayar da famfunan zuƙe ruwan, sai dai umarni ba ya isa ga Ƙwaya, manhajar da ke juya injunan birnin duka, sai ta tashar da aka buɗe, wato ƙofar shigar da umarni.

A da, duk wanda ya buɗe tasha yakan tsinke na cikinta, umarni biyu su cakuɗe, inji ya rikice. Asabe ce ta gyara wannan, ta kuma sha yabo har kanta ya fara rawa. Ta koya wa Ƙwaya tarbiyyar gida: ba a katse mutum yana magana. Wanda ya buɗe tasha, shi zai ɗora tafinsa a allo ya yi sallama kafin wani ya shiga. Tsohuwar hanyar tsinkewa kuwa ta goge ta kaf, wai rashin kunya ce.

Da hantsi malaminta, Malam Tanimu, ya buɗe tashar daga gidansa. Tun daga nan shiru.

Wayarta ta yi ƙara. Sallau ne.

"Maman Ladidi, ruwan fa ya kawo mana ƙirji."

"Ku hau kan taragu. Don Allah ka riƙe, ina zuwa!"

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta faɗa motar sama ko takalmi babu, ta sauka a ƙofar gidan Malam. Tabarmi ta tarar a shimfiɗe, maza na alwala. A tsakar gida matarsa, Inna Kande, ta kama hannunta.

"'Yar nan, ashe kin ji. Yana zaune gaban na'urarsa ya kife, ko shurawa bai yi ba."

"Inna lillahi... Inna, ina yake? Tafin hannunsa kawai nake so, in ɗora a allo."

"Tafinsa? Ai ba a jinkirta mamaci. Ana idar da azahar suka kai shi, yanzu ma suka dawo."

Asabe ta leƙa ɗakin. Allon na nan a kunne, ɗan farin layinsa na ƙiftawa, yana jiran Malam ya ƙarasa maganarsa. Ita ta hana shi gajiya da jira.

Wayar ta sake yin ƙara, ba ta iya ɗauka ba. Ta fito zaure inda ƙanen mamacin ke karɓar gaisuwa, ga shebur ɗin da aka haƙa kabarin da shi jingine da bango, jar ƙasa ba ta bushe a bakinsa ba. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, ku yafe mini abin da zan roƙa."

Hannunta na kan shebur ɗin tun kafin ya amsa.